Ranar da Aka Ba Ni Ƙanzo a Ladywood

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya raba wa kowace ƙasa tukunyarta. Na daɗe ina jin ku, ku jikokina, kuna ba abokanku labarin ranar ƙanzo da Turancin nan naku mai fita ta hanci, kuna dariya, wai an kai Kaka Birmingham an ba ta ƙonanniyar shinkafa, ta ci ta lashe cokali, shi ke nan ta sallama babanku. Ban taɓa tanka muku ba. Amma yanzu da ke Hauwa kike haɗa jaka za ki je ki ga Sifaniya da idonki, gara ki tafi da labarin a miƙe, kada ki kai wa mutanen kirki shi a karkace.

Bayan rasuwar kakanku ne babanku ya ɗauko ni daga Kano ya kawo ni gidansa na Old Trafford a Manchester, unguwar da ranar ƙwallo ba ka samun wurin taka ƙafa. A lokacin yana aiki da council, wato ƙaramar hukumar garin, a wani gida da aka ware wa samarin unguwa don a raba su da zaman bakin titi. Yana son aikin, yaran suna son sa. Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Yau a rufe ɗakin karatu, gobe a janye motar da ke kai tsofaffi asibiti, ana nan ana nan har abin ya iso ƙofar gidan samarin aka garƙama mata kwaɗo. Ku ba ku san babanku na wancan lokaci ba, kuna ƙanana. Zai yi wanka da safe ya sa riga mai kwala kamar mai fita, ya zauna gaban kwamfuta yana neman aiki, azahar ta yi ya cire rigar ya rataye, gobe ma haka. Mamarku tana aikin jinya, ita ke riƙe da gidan, ba ta taɓa yi masa gori ba, amma wani lokaci rashin gorin ya fi gorin ciwo. Ya daina zuwa taron mutanenmu, domin a can kowa likita ne ko injiniya ko akanta, kuma tambayar farko bayan gaisuwa ita ce yaya aiki. Ni ba yunwa nake tsoro ba. Na ga mazan da zama ya cinye tun a Kano, suna numfashi suna amsa sallama, amma an riga an gama da su. Na ga ɗana ya kama wannan hanya, kuma ba ni da abin tare shi.

Kwanci tashi sai ya fara ambaton wani Vicente, wanda bakina ya mayar Bisente. Mutumin Sifaniya ne, kuku, ya baro ƙasarsu saboda wahalar can ta fi ta nan zafi. Da gidan samarin ke buɗe yakan zo ya koya musu girki kyauta, a nan suka saba. Yanzu ya koma Birmingham da uwarsa, ya sami rumfa a wata kasuwa, yana so ya riƙa dafa shinkafar garinsu da naman halal, yana neman abokin sana'a wanda Musulmi za su yarda da hannunsa. Wata safiya babanku ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana murza yatsun ƙafarsa kafin ya yi magana.

"Inna, ba zan je ba sai da albarkarki. In kin ce a'a, na bar maganar, ba za ki sake jin ta a bakina ba."

Na ce ya ba ni lokaci. Na ɗauki mayafina na tafi Whalley Range wurin Hajiya Turai, aminiyata. Uwar likita ce, mai baki kamar reza da zuciya kamar man shanu, kuma ita kaɗai ce a duk Manchester nake zama da ita mu ci goro mu yi Hausar da ba a gauraya ta da komai ba. Har alkawari muka yi, duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta. Ɗanta ya taɓa kai ta hutu Sifaniya, don haka na ce bari in ji daga bakin wadda ta gani.

"Ke dai ba ki gani ba ne," in ji ta. "Cinyoyin alade ne rataye a rufin kanti kamar an shanya wanki. Giya kuwa ta fi ruwa yawa. Ɗan Malam guda, mai digiri, ya koma tsaye kan tukunyar Nasara a bakin titi? To ki shirya, daga yau sunanki uwar mai dafa-duka."

Na dawo gida da maganarta a ƙirji kamar dutse. Amma da na shiga na tarar da rigar nan mai kwala a rataye tun kafin azahar, sai na kira babanku na ce masa ni ba na sa wa tukunyar da ban ci ba albarka, ba na kuma tsine mata. A kai ni in ci.

Ranar wata Lahadi Bisente ya zo ɗaukarmu da wata tsohuwar mota mai ƙamshin albasa. Gajere ne mai sanƙo, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda babanku ya koya masa, gwiwarsa ta yi ƙara, na ce ya tashi kada ya karye mini a ƙofar gida. Da muka yi nisa sai ya ratse a irin wuraren nan da matafiya ke hutawa. Na zaci zai shiga ya sayo mana burodin nan mai sanyi na cikin leda, sai na ga ya buɗe bayan mota ya ɗauko wani abu ƙunshe a farin tsumma. Wainar ƙwai ce, amma ba irin tamu mai falle ɗaya ba. Mai kauri ce kamar funkaso, cike da dankalin turawa da albasa da aka dafa a hankali cikin man zaitun har suka yi laushi. Ta huce, hucewar kuma ta ƙara mata daɗi. Ya ce uwarsa ce ta soya, domin a garinsu abin kunya ne ɗanka ya hau hanya da baƙi babu guzuri. Na ce a raina, to, wannan matar dai ta san hanya. Mu ma ba ma sakin matafiyi sai da dakuwa ko soyayyiyar kaza a ƙullin zane.

Daga nan har Birmingham bakinsa bai rufu ba, babanku yana juya mini da Hausa. Ya ce kada in ɗauka Sifaniya tukunya ɗaya ce. Mutanen kudu, inda rana ke dukan ƙasa kamar tamu, suna niƙa ɗanyen tumatir da tattasai da tafarnuwa da man zaitun su sha da sanyinsa a kofi, ya kashe ƙishirwa ya kashe yunwa. Makiyayan tsakiyar ƙasa, in burodinsu ya bushe a jaka, sai su marmashe shi su yayyafa masa ruwa su soya da tafarnuwa, ba a zubar da komai. Na bakin teku suna dafa wata halitta mai hannuwa barkatai su barbaɗa mata jan barkono. Mutanen arewa masu ruwan sama da sanyi kuwa wake suke dafawa ya yi kauri. Da ya zo kan waken sai ya rage murya ya ce wannan kam da alade ake yin sa, ba zai ɓoye mini ba, kuma a ƙasarsu ko an ce maka abinci babu nama sai ka sake tambaya, domin wasu ba sa lissafa ɗan yankan alade a cikin nama. Wannan magana ta fi wainar shiga raina. Mai niyyar yaudararka ba ya nuna maka ramin da ke gonarsa.

Gidansu a unguwar Ladywood ta Birmingham yake, a ƙasan wani dogon bene, da ɗan fili a baya. A nan na fara ganin uwarsa Amparo, Amfaro a bakina, 'yar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, don ita ma mijinta ya rasu. Ba ta jin Turanci kamar yadda ba na ji. Magana tsakaninmu sai ta bi ta bakin ɗanta, ta bi ta bakin nawa, kafin ta iso ta huce, saboda haka muka fi yi da ido da hannu. Ta kama ni ta kai ni gaban wani kasko mai faɗi kamar faifan tankaɗe na gidan biki, marar zurfi, mai kunne biyu, ta kifa shi ta nuna mini takardar kanti da ke manne a gindinsa. Sabo ne. Don ni ta sa aka sayo, kada in ci a abin da alade ya taɓa shiga. Kaza da zomo kuwa daga wurin mahaucin da babanku ya zaɓa da kansa aka kawo.

Abin mamaki na farko, namiji ne ke girkin. Suka ce a yankinsu na Balansiya, inda ake noman shinkafa a bakin wani tafki, wannan girki na ranar Lahadi na maigida ne, mata kuwa su zauna su yi ta gyara masa da baki, kuma Amfaro ba ta yi ƙasa a gwiwa ba wajen nata rabon aikin. Ya soya naman har ya yi ja, ya zuba koren wake da wani farin wake mai faɗi, ya zuba tumatir, ya tsaida ruwa, ya murza za'afaran ruwan ya koma launin gwal. Sannan ya zuba shinkafa ya baje ta siriri ko'ina daidai, ya ajiye ludayi, bai sake taɓa ta ba. Ni kuwa na tsufa a kan tukunya, hancina ya san lokacin da shinkafa ta fara kamu. Na ji ƙaurin ya taso, na ji tana ƙas-ƙas a gindin kasko, shi kuma Bisente maimakon ya rage wuta sai ya ƙara ta, ya karkata kai yana saurare kamar mai jin labarai a rediyo. Ban san sa'ad da na miƙe na ɗauki ludayin ba. Amfaro ta riƙe mini wuyan hannu. Ta girgiza kai, ta ɗora yatsa a kunnenta. Na koma na zauna ina cewa a raina, yau ga mutanen da ke ƙona abinci da gangan suna neman su koya wa ɗana sana'a.

Aka sauke kaskon aka ajiye a tsakiya, aka ba kowa cokali, babu faranti. Kowa ya ci gabansa, ba ya tsallaka gaban wani, kamar yadda aka hore mu tun muna yara. Wannan ya sanyaya mini rai. Shinkafar kuwa sai wanda ya ci, kowace ƙwaya tsaye da ƙafarta, ta sha romo ta ƙoshi. Har na fara tunanin kalmomin albarka. Sai Amfaro ta miƙe ta sa cokali ta shiga kankare gindin kasko, ƙarar-ƙarar, ta tattara ƙanzon nan baƙi-baƙi ja-ja, ta ture shi gaba ɗaya zuwa gabana, ta koma ta zauna ta harɗe hannu tana kallona.

Ku da aka haifa a nan ba za ku san nauyin wannan ba. A gidan da na tashi, ƙanzo rabon yara ne da kaji. In shekara ta yi tsanani a shanya shi a ajiye, a jiƙa a yi kwaɗo, a ci a ɓoye kada maƙwabta su sani. Baƙo kuwa saman tukunya ake ɗibar masa, da tsokar da ta fi kowace. Ka kankare gindin tukunya ka tura wa tsohuwa baƙuwa a gaban ɗanta, ai ka gaya mata matsayinta ke nan ba tare da ka buɗe baki ba. Na ji jinina ya hau. Na ajiye cokali. Na ce a raina Turai ta yi gaskiya, sabon kasko da guzuri duk ado ne, ga abin da suke ganin ya dace da mu, haka kuma ɗana zai ƙare rayuwarsa yana cin gindin tukunyarsu. Na dubi babanku na ga fuskarsa ta yi fari kamar toka, domin ya san ni, ya san in na gyara mayafi na miƙe, maganar Birmingham ta mutu.

"Inna, bari in yi miki bayani," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Yi mini shiru. Ba a yi wa ido tafinta."

Ban miƙe ba, domin kakanku ya sha gaya mini fushi baƙo ne, a bar shi ya ɗan tsaya a zaure kafin a ce ya shigo. Ina zaune ina kallon kowa. Amfaro ba ta da fuskar mai wulaƙanci, fuskar mai jiran a yaba take da ita. Gabanta kuma fes, har nata gefen ta kankare ta haɗa mini. Sannan na lura da Bisente. Idonsa yana kan ƙanzon nan kamar idon yaro a kan alewa. Da ya ga na ajiye cokali ya ɗauka na ƙoshi ne, sai cokalinsa ya fara rarrafe a hankali yana tsallaka kasko zuwa gabana. Kafin ya iso, Amfaro ta ɗaga nata ta sauke masa a bayan hannu, tas, ta faɗi wata kalma guda mai kaifi. Ƙaton mutum mai sanƙo ya janye hannu yana hura shi, ya sunkuyar da kai.

A nan na gane. Uwa ba ta dukan hannun ɗanta a kan abin zubarwa. Abin da ta hana wanda ta haifa ta tura wa baƙuwa, shi ne saman tukunyarta, ko da a gindi yake.

Na ɗauki cokali na yi bisimilla na kai baki. Lokacin haƙorana suna nan da ƙarfinsu. Yana ƙurmus-ƙurmus, bai ƙone ba, ya tsaya ne daidai bakin ƙuna, duk man kazar da romon da za'afaran sun taru a cikinsa. Ashe abin da mutumin nan ke saurare ke nan da kunnensa. Daga baya ne babanku ya gaya mini a wurinsu gwanintar mai girki a wannan ƙanzo ake auna ta, kuma 'yan gida har faɗa suke a kansa. Na cinye tas, na lashe cokali, wannan kam kun faɗi gaskiya.

Ba ta tsaya nan ba. Ta shiga ciki ta fito da tulun gilashi mai raɓa, cike da wani farin abu, ta zuba mini. Na dubi babanku, ya ce ba giya ba ce. Na kurɓa. Wallahi sai na ganni a tsakar gidanmu da azumi, uwata tana tace aya a tsumma, muna zagaye da ita muna jiran kiran salla. Na sake kurɓa. Da na nuna mata ina so in ga abin da aka yi shi da shi, ta ɗauko wani gwangwani da ta taho da shi daga ƙauyensu a cikin akwati, ta zuba mini a tafin hannu. Aya ce, busasshiya, ta ƙanƙance, irin wadda ake aunawa a kowace kasuwa tamu. Ta ce a garinsu matafiyi in rana ta dake shi, ba ya neman komai sai wannan, da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa a ciki. Na ce mata kunun ya yi, sai dai ta ɓata shi da kirfa da ɓawon lemo, aya dabino take so da 'yar citta. Maganar ta bi ta baki biyu ta isa, ta dafe ƙirji kamar na zagi kakanta, ta maido da amsa cewa mai sa wa aya citta bai san darajarta ba. Muka yi ta yi, 'ya'yanmu suka gaji da tafinta suka bar mu da hannuwa, muka ci gaba.

Kafin mu tashi na kira babanku ya durƙusa a wannan ɗan fili. Na sa aka gaya wa Bisente alade da giya ba za su shiga rumfar ba, ya ce ya riga ya ɗauki wannan alkawari, uwarsa kuma ta ɗaga cokalin nan ta nuna masa. Sannan na dafa kan ɗana.

"Je ka, Allah ya yi maka albarka. Mutanen da suka san wanda ake ba ƙanzo ba za su ci amanarka ba."

Abin da ba ku sani ba shi ne abin da wannan albarka ta ci mini. Rumfa ba ta tsaruwa daga Manchester, dole muka tattara muka dawo Ladywood, na sake zama baƙuwa da furfurata, a saman bene inda ba na jin sallamar kowa. Babanku kuwa ya dawo mutum. Yana fita da waƙa a baki, yana dawowa da ƙuna a hannu, layin masu saye har kwanar titi, Somaliyawa da Fakistanawa da Hausawan Gana masu ce masa Alhaji a sa mini na gindin. Cikin mutanenmu wasu suna tsayawa su saya, wasu har yau in sun zo wucewa sai su sami abin kallo a ɗaya gefen titi. Hajiya Turai ta cika maganarta, ba ta sake kirana da wani suna ba sai uwar mai dafa-duka. Kullum a waya tana cewa za ta zo ta ga wannan abin kunya da idonta, in riƙa ajiye mata saman tukunya don ita ba kaza ba ce. Gwiwoyinta ba su bar ta ba. Ranar da Allah ya karɓe ta, Asabar ce, ranar kasuwa, labari bai same mu da wuri ba. Kafin babanku ya rufe rumfa mu kama hanya mu isa, wasu hannuwa sun riga sun wanke ta sun suturta ta. Da ina Old Trafford, tafiyar ƙafa ce. Na zauna a gefenta na nemi gafararta a kan alkawarin, kuma har yau in an ce in sake zaɓa, abin da na zaɓa zan zaɓa, ina kuka.

Amfaro ta koma ƙauyensu da tsufa ya danne ta, tana can a raye, ɗanta ya ba ki kwatancen gidan. To Hauwa, ki ci wainarsu a hanya, ki sha miyarsu mai sanyi in kin gangara kudu, waken arewa kuwa ki tambaya, ki sake tambaya. A cikin jakarki na sa a saka ƙullin aya da dabino, nata ne, kada ki cinye a jirgi, na san halinki. In kin isa za ta sa a ɗora kasko. Za ki ji ƙauri, ki zauna a kan hannuwanki. In ta kankare ta turo miki gabanki, ki karɓa da hannu biyu, ki cinye tas, domin nawa rabon ne take ba ki, ni haƙoran sun tafi. In kin gama ki miƙa mata ƙullin, ki ce tsohuwar Ladywood tana gaishe ta, kuma ta ce har gobe aya dabino take so.